Ka Zo da Lalle, Ka Zo da Mashi

Zuwa ga Hamisu ɗan sarkin baka, sanyin idona, ruwan randata, inuwar da nake fakewa idan rana ta take tsaka, angon da aka sa mana rana amma ranar ta zo ta tarar da jini a gona. Ina gaishe ka, gaisuwar da ta fi ƙarfin wannan 'yar takarda. Ina gaida kafaɗarka mai ciwo, ina gaida cinyarka da aka ɗinke, ina gaida hannun nan naka na dama duk da abin da ya yi mini.

An ce a Dungas likita ya yi maka ɗinki goma sha tara ba ka ko motsa gira ba, sai da wata tsohuwa ta ambaci sunana ka kifa kai kana kuka gaban mata. Kai, Hamisu, namijin da ke cafke kumurci da hannu! Da labarin ya iso ni daɗi ya kama ni, ba zan ɓoye maka ba, har na yi dariya. Sai dai dariyar da ta fito daga maƙogwarona ba irin wadda ka sani ba ce. Tsuntsayen da ke kan icen kukar da nake ɓoye a cikinsa duk suka watse, ni kaina na toshe bakina da hannu.

Ni ce Falmata. Ban mutu ba, kuma kura ba ta cinye ni ba kamar yadda kake ta faɗa wa mutane. Ɗela mai ƙunshi ce za ta kawo maka takardar nan cikin ɗankwalinta. Da na aro salula na kira ka, amma muryata ta fara gudu ta bar ni, hannu ne kawai har yanzu yake iya riƙe bik ɗin rubutu. Ka karanta a zaune, ka karanta kai kaɗai. Kurar nan mai jan lalle a dagi, wadda ka sara da barandami a gonar babanka, wadda ka rantse gaban maharba za ka kawo kanta ranar Alhamis, ni ce. Duk ƙauyenmu sun gane haka tun ranar da abin ya faru, kai kaɗai ka ƙi. Ka ce kura ta cinye maka amarya ne lallen ya shafe ta. Wayyo masoyina, wane irin so ne wannan da ya rufe idon mai bin sawu?

Ka tuna ranar farko a bakin rijiyar garkarka? Da rani ne, rijiyarmu ta ƙafe, muka biyo amalanke da jarkoki har wurinka. Ina saukowa sanka mai jan guga ya tsinke igiya ya nausa cikin rake. Karenka Duna, wanda ba ya ja da baya ko gaban gadu, ya cusa bindi tsakanin ƙafafu ya shige ƙarƙashin amalanke yana fitsari. Gabana ya faɗi, na ce yau asirina ya tonu. Kai kuwa ka riƙe ƙugu kana dariya, ka ce kyawuna ne ya razana dabbobi, kai ma ƙafafunka rawa suke yi. Ka saro mini rake, ka fere shi da wuƙar farautarka, ka tsaya kana kallo ina sha. Ka ce wushiryata ƙofa ce, kuma ka ga wurin shigarka. Tun daga ranar ruwan kowace rijiya ya zame mini ɗaci sai na taka. Daga baya, da zance ya yi nisa tsakaninmu, ka kama hannuna ka tambaye ni ko ni kullum amarya ce, tunda lalle ba ya barin tafina rani da damina. Na ce maka ango nake jira. Ƙarya na yi maka, Hamisu, ita ce ta farko.

Ga gaskiyar yanzu. A gidanmu ana haihuwar mutum da kura kwance a cikinsa. Ba mu saya ba, ba mu je wurin boka ba, ba mu ci amanar kowa ba. Haka muka tashi muka tarar, kamar yadda wani dangi ke tarar da farfaɗiya. Kakata Ya Kaka, wadda ta rene ni da yayana Bukar bayan rasuwar iyayenmu, ita ta nuna mini igiyar da ake ɗaure dabbar, wato lalle. Muddin akwai jansa a hannu kurar tana barci, kuma ko ta farka ta fita, mutum yana da hanyar komawa cikin fatarsa. Idan jan ya ƙare ƙaf, hanya ta toshe har abada. Akwai kuma sharaɗi, shi ne ya sa nake rubuto maka. Lallen da mutum ya shafa wa kansa ba ya kamawa. Sai wani ya kwaɓa, ya shafa maka, ya naɗe da tsumma, alhali ya san abin da yake ɗaurewa kuma bai gudu ba. Ya Kaka ta yi mini shekara ashirin. Da ta rasu bara, ƙawarta Ɗela ta karɓi aikin, ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Mazan gidanmu farce ɗaya ake sa musu, na ƙaramin yatsa, don kada a gani. Bukar ya tafi Magaria yana kabu-kabu, abokan aikinsa na tasha suka hangi jan farcen suka sa shi gaba da tsiya, suna kiransa ɗan daudu, suna tambayarsa ranar bikinsa. Ka san Bukar da zuciya. Ya sa reza ya kankare farcen har ya fid da jini, ya rantse lalle ba zai ƙara taɓa jikinsa ba. Na roƙe shi, na yi kuka, na kama ƙafarsa. Ɗela ta biyo shi da ƙwarya ya bankaɗe ta. Da damina ta sauka ya dawo gida ba ya iya zama inda ake hura wuta, ba ya cin tuwo, yana tsayawa bakin garke yana haɗiyar yawu. Wata ranar Asabar da hantsi ya tuɓe rigarsa ya ninke ya ajiye a kan gadon Ya Kaka, ya shiga gero, bai sake fitowa da ƙafa biyu ba. Na ce wa mutane ya tafi ci-rani Kano. Ƙarya ta biyu ke nan.

Sauran ka san shi, da kai aka bi sawu. Raguna aka fara rasawa, sai jakin liman da aka tarar an zazzage masa ciki, sai Sambo makiyayi, bawan Allah, da aka tsinci rabinsa a bakin tafki da sandarsa riƙe a hannu. Kun tsaya kan gawar kuna mamakin girman cizon. Ni ban yi mamaki ba, na san bakin da ya yi shi, tare muka sha fura a ludayi ɗaya. Ranar da aka rufe Sambo na shiga daji ni kaɗai ina kiran sunan yayana. Ya fito daga sabara, doronsa ya kai ƙirjina, bakinsa na zubar da yawu. Na yi masa magana da harshen Ya Kaka, na tuna masa goyon da yake yi mini zuwa makarantar lakwal idan ƙaya ta soke ni. Bai gane ni ba, amma bai taɓa ni ba. Sai ya sa hanci ya daɗe yana sunsunar zanena. Zanen nan ne mai ruwan ganye da ka sayo mini a kasuwar Dungas, ka rungumo shi a ƙirjinka bisa babur. Ni na kai masa ƙanshinka, Hamisu, da ƙafata na kai masa. Wannan ne abin da ke cin zuciyata fiye da sararka.

Sai ga makon bikinmu. Saura kwana biyu a ɗaura aure, ina ɗaki, hannuwana biyu cikin zunguru, ƙafafuna a naɗe, ƙawayena na waƙa suna tsokanata da sunanka. Kai kuma, mai taurin kai, ango guda, maimakon ka zauna a yi maka aski, ka ɗauki barandami bayan la'asar ka tafi gonar babanka don an ce an ga sawu. Wa ya aike ka? Wa ya ce maka ana bin sawun kura mutum shi kaɗai cikin geron da ya fi shi tsawo? Iska ta juyo daga gabas ta shigo ta taga, ta kawo mini abu uku a tare: guminka, warin Bukar, da jini. Jininka ne, na gane shi ko da yake ban taɓa jinsa ba. Na doka zunguru biyu da bango suka tarwatse, na ture ƙawayena, na tsallake dangar baya da tsummokara a ƙafa.

Tun da aka haife ni ban taɓa sakinta da gangan ba sai ranar. Kada ka zaci abu ne mai sauƙi. Ƙashin bayana ya lanƙwashe ya yi ƙara kamar ana karya kara, muƙamuƙina ya tsage ya miƙe gaba, fatata ta dare daga wuya zuwa ƙugu, gashi ya keto ta. Na so in yi salati, kuka ne ya fito. Ban tsaya ba, ina gudu ina rikiɗa, zangarniyar gero na dukan fuskata, har na ji ƙasa ƙarƙashin ƙafa huɗu.

Na tarar da shi a kanka. Ya riga ya tsaga maka kafaɗa, ya kafa haƙora a cinyarka yana janka zuwa kwari, kanka na bugun kunyoyin gona, idonka a rufe. Hasken raina, ganinka haka ya ƙone duk wata 'yan'uwantaka da ke jinina. Na dake shi daga gefe muka mirgina, gero na karyewa ƙarƙashinmu. Ya fi ni girma, ya fi ni ƙarfi, ya riga ni sanin daɗin nama. Ya yage mini kunnen hagu, ya cire tsoka daga cinyata, ya danne ni har na ji haƙarƙarina biyu sun ɓalle. Na yakushe shi har faratana suka kakkarye cikin fatarsa. Da ya ɗaga kai zai gama da ni sai na ga maƙogwaronsa a buɗe, na kama, na rufe baki. Ya yi ta shure-shure, ya yi ta tona ƙasa, jininsa mai zafi na cika mini baki yana gangarawa cikina, ban saki ba sai da na ji gurunguntsi ya fashe tsakanin haƙorana. A numfashinsa na ƙarshe idonsa ya sauya ya koma idon Bukar, idon da ke dubana idan na faɗi ina ƙarama. Ya gane ni a lokacin da gane ni ba shi da amfani. Na kashe ɗan uwata da ubana saboda kai, kuma Allah ya gafarta mini, da za a maimaita da na sake.

Na rarrafo wurinka, na ɗora dagina a ƙirjinka don in ji ko zuciyarka na bugawa. Tana bugawa! Na sunkuya ina lasar jinin kafaɗarka don ya tsaya. Nan ka buɗe ido. Ka ga bakin kura jage-jage da jini a kan fuskarka, ka ga dagi ja wur da sabon lalle a ƙirjinka, hannunka ya lalubo barandami. Ka iya sara, angona, ba a banza ake yabonka ba. Ƙarfen ya shiga bayan kafaɗata ta hagu har ya taɓa ƙashi. Wuyanka na nan ƙasa da bakina, tazarar yatsa uku, kurar da ke cikina tana ihu in rufe baki. Ban rufe ba. Ka riƙe wannan, duk abin da za a faɗa maka a kaina. Na ji hayaniyar mutane da sanduna, na ja jiki na shige gero.

Daga can cikin kara na ga yadda aka yi da yayana. Aka ɗaura masa igiya a ƙafa, aka ja shi bayan amalanke ana jifa ana kabbara, aka tara ƙirare a bayan gari aka cinna masa wuta. Ba wanka, ba likkafani, ba sahu. Ni kaɗai na yi masa addu'a, da bakin da ya kashe shi.

Amma abin da ya biyo baya ya fi wannan muni, kuma dole ka ji shi, don kana kwance a Dungas aka yi, na san an ɓoye maka. Cikin zafin zazzaɓi ka yi ta faɗin kura mai lalle, kura mai lalle. Mutane suka haɗa da ɓatana, suka ce lallen Ɗela ne ke mayar da 'yan mata kuraye. Maza suka shiga gidanta, tsohuwar da ta yi wa iyayensu mata ƙunshin aure. Suka kifa turmi, suka ɗora hannunta a kai, suka ɗauko taɓarya. Kowane yatsa sai sun tambaye ta ina Falmata, sannan su sauke. Ta san inda nake, ita ta ɗaure mini raunin da ka yi mini. Yatsa goma, tambaya goma, amsarta ɗaya:

"Ni ƙunshi na sani."

Daga nan suka bi gida-gida da gatari suna sare duk wani icen lalle suna ƙonawa. Aka hana ƙunshi a ƙauyen. Mata suka duƙufa goge hannu da toka da dutse har fata ta saluɓe, kowa na tsoron a gan ta da ja. Ka ga wauta, Hamisu? Sun ƙone igiya suna murna sun kashe kura. Ni ban ma sani ba ko gidanmu kaɗai ne a yankin nan, don na san wasu tsofaffin da lalle bai taɓa barin hannunsu ba. Icen lalle ɗaya ya rage tsakanin ƙauyenmu da Yekuwa, shi ne shingen garkarka, don ba wanda ya iya taka gonar ɗan sarkin baka ko da ba ya nan.

Yau kwana ashirin. Ina cikin kogon kukar nan ta tsohuwar hanyar amalanke da ta nufi Waca, kusa da rijiyar da aka daina ja, inda ka taɓa harbo mini zabuwar daji ka gasa ta ta ƙone, ka ce haka maharba ke cinta. Jan tafina ya koɗe. Faratana takwas sun tafi a jikin Bukar, saura biyu masu ja, na babban yatsa da na manuni, su ma sun fara tsagewa. Ɗela ta kawo ɗan garin lallen da ta ɓoye a ƙasan randa. Na shafa da kaina sau uku, ya bushe ya zube kamar taɓo, ko ɗigo bai bari ba. Ta ce bari ta gwada da guiwar hannu, tunda yatsunta sun zama tsumma. Ƙwaryar ta kife, sauran ya bi rairayi. Muka zauna muna kallonsa, ita na kuka ni ina kuka.

Kurar ba ta jiran izinina yanzu. Tana zuwa da tsakar rana, tana zuwa ina cikin salla. Shekaranjiya na tayar da Fatiha na kai rabi na manta sauran, na tsaya a tsaye kamar gunki. Jiya na farfaɗo na tarar da kan akuya a cinyata, ban san ta wa ba ce, ban san yadda aka yi ba. Da Ɗela ta zo da fura, na ji ƙanshin ciwon hannunta tun tana nesa, bakina ya cika da yawu, na ce mata ta ajiye ƙwaryar can ta koma da baya. Ina jin tsoro, Hamisu. Ba mutuwa nake tsoro ba. Ina tsoron ranar da za ka tsaya gabana in sunsune ka in ji abinci kawai, yadda Bukar ya ji. Ina tsoron in manta sunanka. Kullum da safe ina rubuta shi a ƙasa da yatsa don in tabbatar yana nan.

Ya kai tauraron asubahina, ya kai ruwan farko bayan dogon rani, ga roƙona, kuma ban taɓa roƙonka komai ba sai rake. Maharba za su fito ranar Alhamis da karnuka talatin da bindigogi, kai ne a gaba. Ka riga su. Ka zo ranar Laraba tsakanin azahar da la'asar, kai kaɗai, ka ɗaure Duna a gida. Yau ɗin nan ka je garka ka tsigo ganyen lalle cike da hula, ka shanya a rana wuni ɗaya. Ka daka shi da kanka, kada ka ba kowa. Na san za ka ji kunya, ɗan sarkin baka da taɓarya, to ka rufe ƙofa, ka ce magani kake haɗawa, ba ƙarya ka yi ba. Ka tankaɗe, ka kwaɓa da ruwan ɗumi da lemun tsami, kada ya yi ruwa-ruwa, kamar kaurin kunun da ya kwana. Ka yago tsumma daga tsohuwar rigarka. Ka riƙo wannan a hannun hagu.

A hannun dama ka riƙo mashi. Ban ce bindiga ba, harsashinta watsewa yake yi, ba na son a yi abu biyu. Idan ka iso ka tsaya bakin rijiya ka kira sunana sau uku. Wataƙila mace za ta fito, wataƙila abin da ka gani a gona. Ko wace ce ta fito, ka dubi hannunta. In ta miƙo maka shi, ko hannu ne ko dagi, to ina ciki, ka durƙusa ka shafa, ka naɗe, ka zauna kusa da ni har ya kama, kada ka gudu ko me ka ji. In kuwa ta yi maka dariyar nan ta sunkuyar da kai, to Falmata ta riga ta tafi. Ka nemi tabon da ka yi bayan kafaɗar hagu, ka sauka ƙasa da shi yatsa huɗu, ka soka da dukan ƙarfinka. Ka riga ka fara aikin, kai ya kamata ka ƙarasa. Kada ka bar ni ga karnukan Alhamis, kada ka bari a ja ni bayan amalanke. Ka tona rami ka rufe ni, ka fuskantar da ni gabas. Kafin ka tura ƙasa ka duba faratan nan biyu, in ka ga ko ɗigon ja, ka yi mini salla, mutum ka binne.

Ba zan yaudare ka da ƙarya ta uku ba. Lalle ba ya wuce wata guda. Wanda ya ɗaura mini sau ɗaya ya ɗauki aikin da ba ya ƙarewa, wata bayan wata, har tsufa, har ranar da ɗayanmu zai rufe ɗaya. Ƙauyenmu ba zai sake zaunuwa gare mu ba, babanka zai cire ka daga 'ya'yansa, 'ya'yan da zan haifa maka sai an sa musu ja tun suna goye. Wannan shi ne auren da nake da shi, ba ni da wani. In ya yi maka nauyi ba zan ga laifinka ba, ka zo da mashi kaɗai, shi ma so ne. Abin da ba zan yafe ba shi ne ka ƙi zuwa.

Na san abin da ke ranka yanzu, don na san ka. Kana cewa, in na durƙusa gabanta hannuna biyu cikin lalle, mashi a ƙasa, wa zai tsare mini wuya? Na yi wannan tunanin kafin ka yi. Ɗela ta taimake ni da haƙoranta mun ɗaure ƙuguna da tsohuwar igiyar guga a jikin saiwar kuka, amma ban yarda da igiya ba, na san ƙarfin abin da ke cikina. Saboda haka yau da hantsi na ɗauko dutsen bakin rijiya. Ka kwance ƙullin tsumman da ke cikin takardar nan. Fiƙoƙina ne guda huɗu, na sama biyu, na ƙasa biyu. Na farko ya fita da bugu uku. Na biyu ya karye, sai da na tono saiwarsa da ƙusa. A na uku na suma, na farfaɗo na ƙarasa na huɗu ina kiran sunanka. Ɗigon da ka gani a gefen takarda ba lalle ba ne. Abin da mace ta rasa kura ma ta rasa, haka Ya Kaka ta gaya mini, don haka bakin da ya kashe Bukar ba zai iya huda fatarka ba.

Ka yi haƙuri da fuskar da za ka tarar, kunne ɗaya, baki a kumbure. Wushiryar da ka ce ƙofarka ce ta ƙara faɗi, yanzu ko da amalankenka ka zo za ka shige.

Ina nan ina jiranka, fuskata na duban hanyar da za ka ɓullo, hannuna a miƙe tun yanzu don kada in manta yadda ake yi. Da ƙafa biyu na so ka, da ƙafa huɗu na tsare ka, kuma ko wanne hannu ka fara ɗagawa ranar Laraba, taka ce ni, a bayan ƙasa da cikinta.

Amaryarka da ba a kai ɗaki ba,
Falmata